Yadda Ake Karɓo Takardar Izinin Kula da Dukiyar Mamaci a Katsina da Daura

Kusan duk gidan rasuwar da na je a 'yan shekarun nan, da an yi sadakar bakwai sai wani ya ja ni gefe: "Malam, mun je banki sun ce sai mun kawo leta. Wace leta ce kuma, ina ake samun ta?" Takardar da suke nufi ita ce ta izinin kula da dukiyar mamaci, wadda ma'aikatan banki ke kira leta of adiministireshan. Kotu ce ke bayar da ita, kuma ba ta mallaka wa kowa ko sisin kwabo. Aikinta shi ne ta nuna wa banki da kamfanin fansho da ofishin filaye mutumin da doka ta yarda ya karɓo dukiyar, ya biya bashi, ya miƙa wa magada haƙƙinsu.

Sau biyu na bi wannan hanya: bayan rasuwar mahaifinmu a Daura, sai kuma lokacin da mijin ƙanwar mahaifiyata ya rasu a Katsina ya bar ta da yara ƙanana. Na farkon ya cinye mana fiye da shekara, na biyun watanni kaɗan, alhali kotun ɗaya ce. Abin da ya bambanta su shi ne sanin abin da ke gaba da abin da ke baya.

1. Ku janye hannu, ku tara takardu

Kafin maganar kotu, kada kowa ya taɓa komai. Wannan shi ne mataki mafi wuya, domin kullum akwai ɗan da ya san lambar sirrin katin ATM, kuma kullum akwai uzuri: abincin masu gaisuwa, kuɗin makarantar yara, bashin asibiti. Cire kuɗi da katin mamaci laifi ne a doka, ko da wanda ya cire ɗansa ne na cikinsa, kuma ranar da banki ya fitar da sitatimen, wato bayanin shige da ficen kuɗin asusun, kowa zai ga kwanan watan da aka cire. Na ga zumunci ya lalace a kan naira dubu hamsin da aka ciro ranar sadakar uku. Idan dole a kashe wani abu, wani ya ranta daga aljihunsa, a rubuta, a biya shi daga baya.

A samu jaka ɗaya a zuba duk abin da aka tarar: katin banki, littafin cak, takardar ɗaukar aiki, takardar albashi ta ƙarshe, lambar asusun fansho, takardun gida da gona, takardun mota, shaidar hannun jari, katin ɗan ƙasa. Wayarsa kuma a riƙe ta a kunne, ana sa mata kati jefi-jefi, domin kamfanonin waya na sake sayar da layin da ya daɗe a kwance. A cikin saƙonnin wayar nan za ku gano bankunan da ko matarsa ba ta san da su ba, har da irin su OPay da Moniepoint. Idan layin ne ya yi rajista da shi, *565*0# zai nuna muku BVN ɗinsa, *346# kuma zai kai ku ga NIN.

2. Takardar shaidar mutuwa

Idan a asibiti ya cika, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Daura, ku karɓi takardar likita tun ba a manta da fayil ɗinsa ba. Da ita za ku je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ita ce ke da hurumin rajistar haihuwa da mutuwa. Idan a gida ya rasu, kamar yadda yawancin tsofaffinmu ke yi, ku samo wasiƙar mai unguwa ko dagaci, sannan ɗaya daga cikinku ya yi takardar rantsuwa a kotu, wato afidabit, ya faɗi rana da wurin rasuwar.

Hattara da suna. Mutum ɗaya zai zama Muhammadu a takardar aiki, Mohammed a banki, Mamman a takardar gona. Ku sa a rubuta sunan da ke BVN da NIN, harafi da harafi. Inda aka samu bambanci, ku yi rantsuwar cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne tun yanzu. Kuskuren harafi ɗaya ya mayar da mu Katsina daga Daura har sau biyu, tafiyar sama da awa guda kowane zuwa.

3. Ku fara tambayar mai riƙe da kuɗin

Nan mutane suka fi ɓata lokaci da kuɗi. A Jihar Katsina ƙofa biyu ce. Akwai kotun shari'ar Musulunci, wadda ke tabbatar da magada ta raba gadon Musulmi bisa mazhabar Malikiyya. Akwai kuma ofishin furobet na Babbar Kotun Jiha, inda ake fitar da takardar izinin da muke magana a kai. Gida, gona, dabbobi da kayan shago, galibi kotun shari'a ta wadatar. Kuɗin da ke hannun banki, kamfanin fansho, kamfanin inshora ko masu rajistar hannun jari kuwa, kowa da sharaɗinsa. Kamfanonin fansho da dama na karɓar umarnin kotu mai hatimi daga jihohin Arewa. Wasu bankuna na amsa wasiƙar alƙali su tura kuɗin asusun kotu, wasu kuma su ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai takardar Babbar Kotu, musamman idan kuɗin na da kauri.

Saboda haka ku rubuta wa kowane wuri wasiƙar sanar da rasuwa, ku haɗa da kwafin shaidar mutuwa, ku ce a rubuta muku jerin abin da suke buƙata. Kada ku yarda da na baka. Mu wani ma'aikaci ya ce mana wasiƙar alƙali ta isa, muka yi wata uku muna bin ta, da muka kawo sai muka tarar an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba. Ku sani kuma da zarar banki ya samu labarin rasuwa zai rufe asusun. Ba mugunta ba ce, haka ƙa'idar take.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne nes-of-kin. Wanda mamaci ya rubuta a fom ɗin banki ko na wurin aiki ba magajin kuɗin ba ne. Mutum ne da za a tuntuɓa idan wani abu ya faru. Ba ya cire kuɗi da wannan suna, kuma rabonsa bai ƙaru da komai ba.

Wanda ba Musulmi ba ne, ko wanda ya bar rubutacciyar wasiyya a hannun lauya ko a ajiye a kotu, hanyarsa ta Babbar Kotu ce kai tsaye. A can za a buɗe wasiyyar a gaban iyali, wanda aka ambata a ciki a matsayin wasiyyi shi zai nemi a tabbatar masa da ita.

4. Zaman gida: su wa ke gado, wa zai tsaya

Ku zauna da dattijo ɗaya daga dangin uba, ɗaya daga dangin uwa, a rubuta sunan duk wanda ke da alaƙa: matan aure, 'ya'ya maza da mata, iyayen mamaci idan suna raye, 'yan'uwa. Kada ku tace, aikin alƙali ne ya ce wane ya ci wane bai ci ba. Waɗanda aka fi mantawa su ne ɗiyar da aka haifa a auren fari ta tashi a gidan kakanninta, ɗan da ya daɗe a Maraɗi ko Makka, da matar da aka yi wa saki ɗaya mijin ya rasu tana cikin idda, domin ita ma tana gado. Idan akwai mai juna biyu, a Malikiyya ana dakatar da rabo har ta sauka.

Sannan a zaɓi waɗanda za a ba izinin. Yawanci ana son aƙalla mutum biyu, ba a wuce huɗu ba, kuma idan akwai ƙananan yara ba a barin mutum ɗaya. Shawarata a gidan da ke da ɗaki fiye da ɗaya: kowane ɗaki ya fitar da wakili. Ba don ana zargin yaya babba ba, sai don kada a zarge shi. Ku guji wanda ke zaune nesa, domin sa hannu da yawa sai ido da ido. Ku guji kuma wanda bashi ya yi wa katutu, ko da baffa ne.

Uwar marayu tana da cikakken haƙƙin shiga cikin masu izinin. Sau da yawa ana fakewa da takaba a cire ta. Wata huɗu da kwana goma ba su da yawa, kuma tara takardu kaɗai zai ci wannan lokacin. Idan aka matsa mata, akwai ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a a Katsina, akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Abin da aka amince a rubuta shi, kowane baligi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

5. Kotun shari'a: tabbatar da magada

Ko da Babbar Kotu za ku ƙare, ga Musulmi ya fi kyau a fara da nan. Ku je kotun da ke yankin da mamaci ya zauna ko inda dukiyar take, ku shigar da buƙatar tabbatar da mutuwa da magada. Ku tafi da shaidu biyu adilai waɗanda suka san gidan ciki da bai, kuma ba su da rabo a gadon: maƙwabci, liman, abokin kasuwa. Alƙali zai tambaye su mata nawa ya bari, 'ya'ya nawa, iyayensa na raye ko sun riga shi. Mai shaida ya faɗi abin da ya sani kawai. "Allah ya gafarta Malam, 'ya'yan da na sani tara ne, amma na ji an ce ya taɓa aure a Zangon Daura" ta fi amfani nesa ba kusa ba a kan shaidar da za ta rushe bayan an yi rabo.

Idan dukiyar na da yawa, magatakarda zai nuna muku cewa ta babbar kotun shari'a ce. Akwai kuɗin kotu da ake yankewa bisa kimar dukiya, wanda dattawa har yau suke kira ushira. Duk abin da kuka biya ku karɓi rasit na gwamnati. A ƙarshe ku nemi kwafin hukuncin mai hatimi, ba ɗaya ba, kamar uku ko huɗu.

6. Ofishin furobet

Ku rubuta wasiƙar neman izini zuwa ga magatakardan furobet na Babbar Kotun Jiha. A ciki a sa cikakken sunan mamaci, ranar rasuwa, adireshinsa na ƙarshe, sunayen masu neman izini da dangantakarsu da shi. 'Yan Daura, Mai'adua, Sandamu, Zango da Ɓaure su fara leƙa rajistarar Babbar Kotu da ke Daura su ji abin da za a iya gamawa a can kafin su kama hanyar Katsina.

Za a buɗe fayil a ba ku fom-fom: na rantsuwar cewa za ku kula da dukiyar bisa gaskiya, na alƙawarin biyan diyya idan kuka yi ɓarna, na jerin magada, na jerin dukiya, na basussuka da kuɗin jana'iza, da na masu tsaya muku. Ku tafi da hotunan fasfo da katin shaida na kowa. Ku rubuta lambar fayil a wurare biyu, da ita za a riƙa neman ku, ba da suna ba.

Akwai kuma takarda ta musamman da za ku kai kowane banki ya cike adadin kuɗin da ke asusun, ya buga hatimi. Kafin wannan takarda banki ba zai faɗa muku ko nawa ne a ciki ba, kada ku ɓata bakinku. Irin ta ake kai wa kamfanin fansho da masu rajistar hannun jari.

Fom ɗin jerin dukiya shi ne zuciyar aikin, a nan nake so ku natsu. Takardar izini tana aiki ne a kan abin da aka rubuta a cikinta kaɗai. Asusun da ba a sa ba, banki ba zai sake shi ba. Lambar fansho da aka manta, kamfani zai mayar da ku. Za a samu mai ba ku shawara a baranda: "Alhaji, a rage wasu, kuɗin kotu zai yi sauƙi." Kada ku saurare shi. Rantsuwa kuka yi, sannan abin da kuka ɓoye sai kun dawo kun sake bin layi kafin a ƙara shi. Haka kuma kada a cusa abin da ba na mamaci ba: kayan ɗakin mata nasu ne, gonar da aka ba shi jingina ta mai ita ce, shanun da yake yi wa wani kiwo ba nasa ba ne. A gefe guda, a bi sawun nasa da ke hannun mutane: zubin adashi, shanun da ke ruga, kuɗin da ya ba wani jari, hatsin da ke ajiye a kasuwa.

7. Masu tsayawa

Mutum biyu ake nema, mazauna jihar, masu abin hannu ko tsayayyen aiki, waɗanda za su ɗauki nauyin cewa idan kuka cinye dukiyar su za a kama. Ku faɗa musu haka ƙarara kafin su sa hannu. Kada ku yi hayar mai tsayawa a bakin kotu.

8. Kuɗi, jarida da jira

Kashe-kashen sun kasu haka: kuɗin rantsuwa da fom, waɗanda ba su taka kara sun karya ba; ladan mai kima idan akwai gida ko fili a jerin; kuɗin sanarwa a jarida; kuɗin mota da na kwafe takardu, wanda ke taruwa ba a sani ba; sai babban, wato kason da kotu ke yankewa bisa jimillar dukiyar da aka rubuta. Magatakarda zai yi lissafi ya ba ku a rubuce, ku biya a asusun gwamnati, ku dawo da rasit. Wanda ya ce ku ba shi a hannu zai biya muku, ku ce masa kun gode. Matsalar ita ce kuɗin ana biyan su ne tun dukiyar na kulle, don haka a zaman gida a yanke wanda zai ranta, da sharaɗin shi za a fara biya.

Lauya ba dole ba ne. Idan asusu ɗaya ne ko biyu kuma gida lafiya, mai karatu a cikinku zai iya. Idan akwai kamfani, kadarori a garuruwa, ko an fara harare-harare, ku ɗauki lauya, amma ku yi cinikin ladansa a rubuce tun farko, ku san ko kuɗi ne tsayayye ko kaso.

Bayan biya za a buga sanarwa a jarida, a jira yawanci kwana 21 ko wani zai ƙalubalanta. Ku sayi jaridar ranar ku adana shafin, kamfanin fansho kan nema. Idan wani ya shigar da ƙalubale, komai zai tsaya har alƙali ya saurari ɓangarori, abin da kan ja shekaru. Shi ya sa na daɗe a kan mataki na huɗu: wanda aka tsallake a tsakar gida, a nan yake fitowa. Idan shiru, fayil zai wuce a sa hannu. Ku riƙa leƙawa duk mako biyu, fayil ɗin da ba a tambaya yakan yi barci.

9. Takarda ta fito

Kafin ku bar ofishin ku karanta ta a tsaye: sunaye, lambobin asusu, lambar fansho. Ku sa a yi muku kwafi masu hatimin kotu. Ta asalin a nuna ta kawai, kada a bar ta a hannun kowa.

Sai ku buɗe asusu da sunan dukiyar marigayi, wanda sai duk masu izini sun sa hannu kuɗi ke fita. Nan kowane banki zai turo abin da ke wurinsa bayan ya aika kotu ta tabbatar takardar ba jabu ba ce. Idan mamaci na da bashin bankin, za su fara cire nasu. Kada kuɗin gado su kwana a asusun mutum ɗaya ko da dare ɗaya ne.

Idan ma'aikaci ne da ke ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, abu biyu ne, kuma mutane da yawa ɗaya suke karɓa su tafi. Akwai kuɗin asusun fansho, wanda kamfanin zai saki bayan amincewar PenCom, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin fansho. Akwai kuma inshorar rai da dokar ta wajabta wa mai ɗaukar aiki, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, ga wanda ya rasu yana bakin aiki. Wannan ta wurin aikinsa ake bin ta. Ku duba takardar albashi: idan ana yanke masa kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa, ana mayar da shi ta Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya. Tsofaffin 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari suna hannun PTAD, hukumar da ke biyan su fansho. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi kuwa, daga ma'aikatarsu fayil ke tashi zuwa hukumar fansho.

10. Bashi, wasiyya, sannan rabo

Jerin ba ya canzawa: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sai gado. A cikin bashi har da ragowar sadakin da bai cika ba da kuɗin da aka ranta don bin takardun nan. Wanda ya zo da da'awar bashi ya kawo takarda ko shaidu, idan abin ya yi nauyi a tura shi gaban alƙali. Wasiyya ba ta wuce sulusi (ɗaya bisa uku), kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran.

Ragowar ku mayar kotun shari'a ko gaban malamin da ya san ilimin gado a fitar da kason kowa. Matan mamaci na da tumuni (ɗaya bisa takwas) idan akwai 'ya'ya, su raba a tsakaninsu, rubu'i (ɗaya bisa huɗu) idan babu. Uwa da uba na da sudusi (ɗaya bisa shida) kowanne idan akwai ɗa namiji. Namiji na ɗaukar rabon mata biyu a tsakanin 'ya'ya. Amma kada ku yi lissafin da kanku a bayan ambulan, magaji ɗaya na iya sauya komai. A tura wa kowa nasa ta banki, ya sa hannu ya karɓa. Kason marayu a sa shi a asusu da sunansu ko a kadarar da kotu ta sani, kada a ce "yana wurin kawu" babu takarda. Wanda bai gamsu da rabon ba yana da damar ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha.

11. Gida, gona da abin da ke wata jiha

Bayan rabo, wanda gida ko fili ya faɗo wa ya ɗauki hukuncin kotu ya je ofishin filaye a sauya suna, musamman mai satifiket na gwamnati. Gonar ƙauye kuwa a je da dagaci da maƙwabtan gona a kafa iyaka tun kafin damina. Ba a sayar da kadarar da marayu ke da kaso a ciki sai da izinin alƙali, kuma mai saye da ya san abin da yake yi zai nemi ganin wannan izini.

Takardar da Katsina ta bayar ba ta isa ta taɓa gida a Kano, Kaduna ko Abuja ba, sai an kai ta Babbar Kotun can an sake buga mata hatimi, kuma can ma akwai nasu kuɗin. Idan kuma bayan shekara biyu aka tsinci takardar hannun jari a ƙasan akwati, kamar yadda muka tsinta a na mahaifinmu, ba sabon fayil za ku buɗe ba. Ku koma ofishin furobet da tsohuwar lambar fayil da takardar asali, ku nemi a ƙara wannan kadarar a cikin izinin, ku biya kason da ya hau kanta kaɗai.